Shekarar da Na Nome Burtali

A lokacin ina saurayi mai zafin kai, ina noma tare da mahaifina a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Gonarmu tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi in sun gangaro daga Nijar. Tun ina ƙarami ba a rasa faɗa da makiyaya da kaka: shanu su shiga gona, samari su rama, a kwashi gawa ko masu rauni. A irin wannan faɗan aka kashe ɗan baffana. Maƙwabta duk suka nome burtali don haushi, amma Baba ya bar nasa gefen. Bayan girbi har kara yake bar wa shanu. Nakan ce masa sanyinsa ya yi yawa, mutanen nan ba sa jin alheri. Sai ya yi murmushi ya ce ai ba a gama ba tukuna.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, na nome burtalin na shuka gero ban gaya masa ba. Da garke ya iso ya tarar da hanya a toshe, sai ya ratsa ta cikin gonar. Ni da ƙanena da samarin ƙauye muka fito da sanduna da adduna. Aka sare ƙanena a hannu, har yau ba ya iya riƙe fartanya, wani matashin makiyayi kuma ya rasa ido. Da Baba ya ji, bai zage ni ba. Ya sa na ɗora shi a amalanke na kai shi rugar makiyayan. A gaban ardo ya ce ɗansa ne ya toshe hanya, laifin daga gidansa yake. Ardo ya sa aka shimfiɗa wa Baba tabarma. Ramuwar da kowa ke jira ba ta zo ba. A hanyar gida na tambaye shi ko da gaske yana ganin faɗan nan zai ƙare. Ya ce, "Wataƙila ba zan gani ba. Amma ranar da kowa ya gaji, dole a sami wanda za a iya zama da shi."

Baba ya rasu, rikici kuma bai ƙare ba. Sai yanzu na gane ba tsoro ba ne ya hana shi ramuwa. Riƙe fatan zaman lafiya shekara da shekaru ya fi ɗaga adda wuya. 'Yan'uwana samari, kada ku raina dattijon da ya ƙi fidda rai. Ni na raina nawa, ƙanena ne ya biya da hannunsa.