Ranar da Na Wanke Fuskar Sarkin Rum

An kira ni jahila a gaban baƙi, kuma har yau ban yafe ba.

Shekara shida ina aiki a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu a unguwar Zamalek, a ƙasar Misira. Alhajin yana da akwatin gilashi a falo, cike da tsofaffin kwabban tagulla na Rumawa. Kowanne da kan sarki, ya juya gefe, ga hanci, ga ganye a ka. Duk sun yi kore shar. Ni da na fara riƙe fensir bayan na haura arba'in, nakan tsaya ina harhaɗa baƙaƙen da ke kewaye da kawunan. Ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da suke.

Ranar da za a yi baƙi, Hajiya matarsa ta nuna falon da hannu. "Iya, komai ya yi ƙyalli. Har wannan tarkacen nasa."

A garinmu, macen da tagullarta ta yi kore ƙazama ce. Na samo lemon tsami da gishiri, na zauna na dirje su ɗaya bayan ɗaya. Wani sarki mai kaurin wuya ya ba ni wuya, amma sai da ya fito jawur. Wallahi har daɗi na ji.

Bayan la'asar Alhaji ya ja baƙinsa wurin akwatin. Ya leƙa ciki.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Koren nan shi ne darajarsu! Shekaru aru-aru, kin kankare a wuni ɗaya. Jahila kawai!"

Wani Bamisire cikin baƙin ya ce, "Ma'alish, ma'alish," wato a yi haƙuri, yana danne dariya. Na dubi Hajiya ina jiran ta ce ita ta sa ni. Ta sunkuyar da kai tana gyara kofunan shayi.

Ɓarnar dai na yi ta, ban musa ba. Da ya kira ni kicin ya yi faɗa, da na ba shi haƙuri. Amma mutum ya san darajar tsatsar sarkin da ya mutu tun tuni, bai san ta furfurata ba. Hajiya kuma na goya mata 'ya'ya biyu.

Washegari na rubuta takarda da hannuna, baƙaƙen a karkace amma suna karantuwa: "Hajiya ce ta ce a goge. Khalas, shi ke nan, na bar aiki." Na ɗora ta kan akwatin, na danne da makullin gida, na ɗauki jakata na nufi tashar motar Hayyin Ashir, unguwar da 'yan ƙasarmu ke zama.