Malam Safiyanu Buba Sara da Sammacin Kangire

Haihuwa da asali

An haifi Malam Safiyanu Buba a garin Sara, cikin ƙasar Gwaram, a daminar shekarar 1964. Mahaifinsa, Malam Buba Sabo, manomi ne mai 'yan shanu, daga cikin zuriyar makiyayan da suka daɗe da zama wuri guda har Fulatanci ya fara kuɓuce wa jikokinsu. Mahaifiyarsa ita ce Malama Bara'atu, wadda kowa a unguwa yake kira Dada. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya riƙe Fulatanci sosai, saboda a hannun kakarsa ya tashi.

Karatu

Bayan karatun allo, an sa shi firamare a Sara a shekarar 1971, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a 1977, daga nan ya shiga Jami'ar Bayero ta Kano, inda ya sami digiri a fannin kimiyyar siyasa a 1988. Abokan karatunsa sun shaida cewa mutum ne mai shiru da taurin kai, wanda in ya ce abu yana rubuce a shafi kaza, gara mutum ya haƙura da musu, don sai ya je ya ɗauko littafin. Da ya gama hidimar ƙasa ya kama aikin koyarwa a 1989, yana koyar da darasin gwamnati a makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram. Shekara goma ya yi yana bayyana wa ɗalibai ikon majalisa, a zamanin da soja ke mulki.

Aure

A shekarar 1990 ya auri Hafsat, 'yar Alhaji Ashiru Ɗanbala na Kangire, babban manomi kuma dattijon da ba a yanke shawara a garin sai da shi. Kunyar suruki al'ada ce a ko'ina, amma ta Malam Safiyanu ta wuce misali. Tun daga bakin zaure yake cire takalmi, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, kuma sunansa bai taɓa fita daga bakinsa ba. A gabansa Baba yake cewa, a bayan idonsa Baban Kangire. Har wani abokin aikinsa mai suna Ashiru sai da ya sauya masa suna ya koma kiransa Malamin Lissafi. Dattijon kuwa yana ji da shi fiye da wasu 'ya'yan cikinsa, kuma bai ɓoye hakan ba.

Aiki a Majalisar Tarayya

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ya nemi sauyin aiki zuwa ma'aikatar Majalisar Tarayya a Abuja, aka ɗauke shi mataimakin sakataren kwamiti a Majalisar Wakilai. Ya zama cikakken sakatare a 2008. Aikin sakatare shi ne riƙe fayil, rubuta takardun gayyata, kiran shaidu, rantsar da su, da tsara rahoto, kuma ba shi da ƙuri'a a cikin abin da kwamiti zai yanke.

Mutanen gida da ke zuwa wurinsa sukan ɗauka majalisa kotu ce, shi kuma bai gaji da gyara musu ba. Yakan ce kundin tsarin mulki ya ba ta ikon yin doka da ikon amincewa da kasafin kuɗi, sannan sashe na 88 ya ba ta ikon bincikar yadda aka aiwatar da abin da ta amince da shi, na 89 kuma ya ba ta ikon aika wa kowane mutum sammaci, ta rantsar da shi, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba ta sa 'yan sanda su kawo shi. Ɗaure mutum kuwa ba nata ba ne. Yakan ƙara da cewa wa'adinta shekara huɗu ne daga ranar zaman farko, kuma duk binciken da bai kai ga rahoto ba kafin ranar rushewarta, ya bi ruwa ke nan.

Binciken madatsar ruwa, 2019

A kasafin 2016 majalisa ta amince a gina ƙaramar madatsar ruwa a wani kwari da ke yamma da Kangire, domin shanu su sami mashaya ta daban, su daina ratsa gonakin masu noman rani zuwa rafi. Ɗan kwangilar da wata hukumar tarayya ta ba aikin ya tura ƙasa ta kwana goma, ya kafa allo, ya kwashe motocinsa. A ranin 2018 rikici ya tashi a bakin rafin tsakanin makiyaya da masu lambu, aka rasa rai biyu, kuma duka biyun 'yan dangi ɗaya ne ta wajen uwa. Mutanen yankin suka kai ƙorafi, majalisa ta kafa kwamitin wucin gadi a watan Maris na 2019, aka naɗa Malam Safiyanu sakatarensa saboda ya san ƙasar kuma yana jin harsunanta biyu.

A cikin Afrilu hukumar ta aiko da hujjarta: takardar shaidar kammala aiki, da sa hannun wakilin al'umma a ƙasanta. Sa hannun na Alhaji Ashiru Ɗanbala ne, da rubutun ajami, kuma surukinsa ya gane shi tun kafin ya karanta sunan da aka buga. Muddin takardar nan tana tsaye, a idon doka an gina madatsa, babu dalilin da zai sa a sake sa ta a kasafi. Mutum ɗaya ne zai iya rushe ta, shi ne wanda ya sa hannun.

A ranar Malam Safiyanu ya rubuta wa shugaban kwamitin cewa shaidan surukinsa ne, ya nemi a sauke shi. Shugaban ya amsa cewa ya ji, ya kuma sa a rubuta dangantakar a cikin bayanan zama, amma saura mako bakwai majalisa ta rushe, kafin a turo sabon sakatare ya fahimci fayil ɗin lokaci ya ƙure. Ya bar masa zaɓi. Malam Safiyanu ya kwana biyu yana istihara, a rana ta uku ya rubuta sammacin ya sa hannu.

Abin takaici, takardar da ta isa Kangire ba a karanta ta a matsayin ta majalisa ba. Hambali, babban ɗan dattijon, ya duba ƙasanta ya ga sunan mijin ƙanwarsa, shi ke nan magana ta ƙare: Safiyanu ya kai Baba ƙara Abuja. Kafin la'asar zancen ya kai Wurno, washegari ya kai Sara. Dattijon ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai je ya tsaya gaban yaron da ya ba 'ya ba. Ranar zaman farko kujerarsa ta kasance babu kowa, kwamitin ya ɗage zuwa 21 ga Mayu, ya kuma yanke cewa in bai zo ba za a nemi takardar kamu. Wanda zai tsara takardar kamun shi ne dai Malam Safiyanu.

Ya tafi gida da azumi a bakinsa, ya yi sallama a zauren Kangire, aka ce Baba ba ya nan, alhali takalmansa na ƙofa. Ya aika limamin garin, liman ya dawo babu amsa. Hambali ya aika wa Hajiya Hafsat cewa ta tattaro kayanta ta dawo gida, don babu sauran zama tsakaninta da wanda zai sa 'yan sanda su ja ubanta ɗan shekara saba'in da takwas. Ta zo Kangire, amma ba da kaya ba. Abin da aka ji ta faɗa wa mahaifinta shi ne: "Baba, ko ka je da ƙafarka in raka ka, ko su zo su ɗauke ka ina kallo. In aka yi na biyun, ni ba ni da gidan miji, ba ni da gidan uba." Saura kwana biyu a yi zaman, dattijon ya ce a nemo mota.

Ranar 21 ga Mayu

Ƙa'ida ita ce sakatare ya kira shaida da cikakken sunansa, sannan ya karanta masa rantsuwa yana maimaitawa. Ɗakin cike yake da mutanen Kangire da Sara, kowa ya san abin da ake jira, ban da 'yan kwamitin, waɗanda da suka ga an jinkirta kiran suka ɗauka lasifika ce ta lalace. Malam Safiyanu ya miƙe, ya daɗe a tsaye kansa a ƙasa, sannan ya ce: "Alhaji Ashiru Ɗanbala." Shekara ashirin da tara da aurensa, ranar ce ta farko da sunan ya fita daga bakinsa. Wani dattijo a baya ya yi salati a hankali.

Alhaji Ashiru ya rantse, ya kuma faɗi gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce injiniyan kwangilar ya sauka a zaurensa, ya ci tuwonsa, da zai tafi ya miƙo takarda da Turanci ya ce shaida ce cewa sun zo. "Baƙona ne," in ji shi. "Ban iya ce masa a kira mai karanta mini ba, sai ka ce na ɗauke shi maƙaryaci. Madatsa kuwa babu ita. Na sa hannu kan abin da ban gani ba, kuma yaran nan biyu suna raina har gobe." Da ya gama ya fita bai dubi inda surukinsa yake ba.

An gabatar da rahoton a makon ƙarshe na Mayu, majalisa ta amince da shi kwanaki kaɗan kafin rushewarta. Aka miƙa batun ɗan kwangilar ga hukumomin da ke da ikon gurfanarwa, aka mayar da madatsar cikin kasafi, ta fara riƙe ruwa a daminar 2021.

Shekarun ƙarshe

Aure bai mutu ba, amma zumunci ya yi rauni. Shekara shida Malam Safiyanu yana zuwa gaisuwar Sallah Kangire, ya durƙusa a ƙofar zaure ya yi gaisuwa, a amsa masa daga ciki da kalma ɗaya, ya tashi. Bai taɓa fasawa ba, bai kuma taɓa cewa ya yi nadama ba, sai dai iyalinsa sun san abin yana cinsa ƙwarai. Ya yi ritaya a 2024 bayan shekara talatin da biyar yana aiki, ya dawo Birnin Kudu da zama, yana noman gero da gyaɗa a gonar gado ta Sara.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a asibitin Birnin Kudu da safiyar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan gajeriyar jinya ta hawan jini, yana da shekara sittin. An kai shi Sara aka yi masa sutura bayan azahar. Ana shirin ta da salla sai ga Alhaji Ashiru, Hambali yana riƙe da hannunsa, aka buɗa masa ya shiga sahun gaba. Bayan an rufe kabari ya ƙi tashi, ya ce wa waɗanda ke kusa: "Tun ranar da ya kira sunana na san shi ke da gaskiya. Duk Sallah ina cewa bana zan ce masa ya shigo, kunya ta hana ni." Daga nan ya yi kuka a gaban jama'a, abin da ba a taɓa gani ba.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Hafsat, da 'ya'ya biyar: Khuzaima, Zahara'u, Abubakar, Murja da Khairiyya, da jikoki tara. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya sa aikinsa ya zame masa hujja, ya ba dattijon da ya bari haƙurin abin da bai samu ya faɗa masa ba.