Girbin da Na Ƙarasa Kafin Na Bar Maigidana

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, direban injin girbin shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba yabon kai ba, in aka ce ga gonar da ƙasarta ba ta gama tsotsewa ba, kowa na tsoron injinsa ya kafe, ni ake nema. Sai in cire takalmi in taka gonar da ƙafata, in san inda zan bi da inda zan kauce. Wanda ya koya mini aikin shi ne maigidana, aminin mahaifina, wanda ya ɗauke ni bayan rasuwar baban namu, tun ina wanke injin har na zama mai tuƙa shi. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen da ne, a wurinsa yaron gida ba shi da albashi. In an gama girbi ya kira ka ya ba ka abin da ya ga dama, ya aika da shinkafa gidanku, da Sallah ya ɗinka maka kaya. Kai kuma ba ka isa ka tambayi nawa ne haƙƙinka ba, don a garinmu wannan rashin kunya ne, kamar ɗa ya tsaya ciniki da ubansa.

Da farko ban damu ba. Amma duk ƙarshen wata in mun zauna a majalisa, abokaina masu aiki a kamfanonin casar shinkafa sai ɗaga waya suke ana cewa alat ɗin albashi ya shigo, wannan ya bar nan ya koma can don an ƙara masa, wancan ma yana shirin tashi. Ni da na fi su iya aiki ina zaune kamar an dasa ni. Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai shi ne ranar da kawun yarinyar da nake nema ya tambaye ni abin da nake samu a wata. Na yi ta sosa ƙeya, don ni kaina ban sani ba. Ana cikin haka wani makaniki ɗan Filato da ke gyara mana injin ya ba ni labarin wani kamfani mai babbar gona da ke neman direba. Na je, manajan ya gwada ni, ya faɗi albashin da ban taɓa mafarkinsa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, in fara aiki nan take.

To, a lokacin girbin shinkafar rani ya kankama, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Manoma sun riga sun kama layi wurin maigidana, kuma kowa ya san in shinkafa ta nuna ba ta jira: ko ta zube, ko tsuntsayen jan-baki su cinye, ko ruwa ya doke ta ta kwanta. Injinmu kuwa ba wanda ya iya shi sai ni. Niyyata in yi yadda sauran samari suke yi, in ajiye injin, in aika da mukulli, in kashe waya. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta dube ni ta ce ba ta hana ni neman ƙari ba, amma gidan da na shiga ta ƙofa ba zan fita ta katanga ba. Ta ce a tura babba ya nema mini sallama yadda aka saba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai na gama wa mutane girbinsu.

Ƙanin mahaifina ya je ya yi maganar. Maigidana ya saurare shi, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bai ƙara komai ba. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari, ana cewa maraya ya ƙoshi ya zama butulu. Na koma wurin manajan na roƙe shi ya jira ni in ƙarasa girbi. Ya yi dariya, ya ce kamfani ba ya jiran kowa, direbobi kuma ba su ƙare ba. Ba a daɗe ba na ji sun ɗauki wani. Shi ke nan, ba tsuntsu ba tarko. Na yi fushi ƙwarai, har na ƙi cin abincin mahaifiyata, abin da har yau nake jin kunyarsa. Wasu suka ba ni shawara in je in durƙusa in ce na fasa tafiya. Na ce ba zan yi ba. Ban yi sata ba, ban yi zagi ba, ladan gumina na nema, kuma na ce zan tafi, zan tafi.

Haka na ƙarasa girbin nan, ina yi wa mutumin da ba ya kallona aiki, alhali na san babu abin da ke jirana a gaba. Ban tsallake gonar kowa ba, har ƙananan da ke can ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa waɗanda direbobi ba sa son shiga. Ruwan farko ya same mu a gonakin ƙarshe, amma mun kwashe. Na wanke injin tas, na miƙa mukulli hannu da hannu. Ya ba ni abin da ya saba ba ni, ya ce Allah ya yi albarka, muka rabu. Daminar nan na ga ta kaina. Ni da nake kallon mutane daga saman inji, sai ga ni duƙe cikin taɓo ina ƙwadagon dashen shinkafa. Aka ɗaga maganar aurena. A majalisa kuwa kullum sai an tsokane ni, wai ko alat ɗin kamfani bai shigo ba ne har yanzu.

Gab da kaka maigidan nawa ya aiko kirana. Na tafi. Na tarar da shi a ƙofar gida da wasu shugabannin ƙungiyar manoma daga wajen Bunkure, waɗanda suka sayi sabon inji suka zo neman shawararsa kan direba. A gabana ya gaya musu cewa ga wanda ya yarda ya rasa aikin kamfani don kada shinkafar mutane ta zube, ashe duk ya san abin da ya faru. Ya ce in suna so na, to albashi ne duk wata, ana girbi ko ba a yi. Suka faɗi abin da za su iya. Ni da an bar ni da tuni na amsa da hannu biyu, amma dattijon nan ya girgiza kai. Ya yi ta ja da su kamar mai sayar da shinkafa ranar kasuwa, har ya ɗauki butarsa kamar zai shige gida, bai saki ba sai da suka wuce abin da kamfanin ya yi mini alkawari. Da suka tafi ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, shi bakinsa ba zai iya yanka wa ɗan amininsa farashi ba, amma a wurin wasu ba zai bari a saye ni da arha ba. Na durƙusa zan yi godiya, kuka ya ci ƙarfina.

Yau ina nan a wannan aiki, na yi aure, kuma ina alfahari da abu biyu: na nemi haƙƙina, ban kuma bar aikin mutane a ƙasa ba. 'Yan'uwana matasa, neman ƙarin albashi ba kwaɗayi ba ne, kada kowa ya sa ku jin kunyarsa. Amma ku duba lokacin da za ku tashi da yadda za ku tashi, don a sana'a irin tamu kafin a ɗauke ka sai an tambayi wanda ka bari. Ku kuma iyayen gidanmu, don Allah ku daure ku riƙa yanka wa yaranku albashi, kunyar nan tana kore muku hannayen da kuka sha wahalar koyarwa. Har gobe in na gama girbi nakan kai wa maigidana shinkafa daga cikin tawa, kuma har gobe sai ya yi mini faɗa kafin ya karɓa.