Karen Yaya a Ƙarƙashin Zanena

Yayana ya daɗe yana gadin shagunan kayan mota a Abossey Okai, sai rannan ya dawo gida Nima da ɗan kwikwiyo cikin kwali. Wai wani kamfanin tsaro yana shirya gasar karnukan gadi, wanda karensa ya ci za a ɗauke shi aiki, da kaki da albashin wata. Duk gidan ni na fi kowa ɗaga murya. Na rantse najasa ba za ta raɓi inda nake dafa waakye, shinkafa da waken sayarwa, ba. Dole ya kai shi kangon bayan gidanmu.

Maganar gaskiya, Yaya ya iya horo. Ya ce zauna, karen ya zauna. Ya ce kama, ya cafke hannun rigar buhu sai an ɓamɓare shi. Amma ni da madafata ke jikin katangar na san abin da ake ciki. Murfin tukunya na faɗuwa, jarumin nan zai cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ya nemi lungu. Yaya ma ya sani, sai ya ƙirƙiro dabara: da an yi ƙara ya taɓa hularsa, karen ya kafa masa ido ya manta da duniya.

"Auta, kin gani? Tsoro ya finish kwraa, kwata-kwata."

"Yaya, lulluɓe shi dai ka yi."

Ni ma ina da nawa sirrin. Kullum da la'asar, in ba kowa, nakan zuba masa ƙanzo ta kan katanga, don rawar jikin nan tasa tana ba ni tausayi.

Ranar gasa rabin layinmu muka cika motar trotro zuwa wani fili gaba da Kawukudi. Na ce zuwa na yi in ga ƙarshen cika baki, amma gabana faɗuwa yake, don na san Yaya ya gaji da gadi. Karen ya tsallake shinge, ya bi sawu, ya kama ɓarawon wasa, jama'a na ta tafi. Sai aka zo gwajin ƙarshe: a bar kare da jaka, mai shi ya ɓuya bayan mota. Wani ƙato ya fito yana dukan kwanon rufi da sanda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karen ya duba gabas ya duba yamma, babu hula. Ya saki jaka ya ratsa taro a guje, bai tsaya ko'ina ba sai ƙarƙashin zanena, yana lasar ƙafata.

"Ei, Hajia waakye!" in ji wata maƙwabciyarmu. "Kare ya san mamanshi o!"

Aka kwashe da dariya. Ni kunya, Yaya kuwa ya tsaya riƙe da hula, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi ji na yi kamar ni na kayar da shi.

Muna shirin tafiya alƙalin gasar, wani dattijo, ya kira Yaya. "Karenka matsoraci ne tun haihuwa, horo ba ya canja wannan. Amma da ban raba ku ba, ni ma da ka rufe min ido. Irin hannunka muke nema. Ka zo ran Litinin, ka bar shi a gida."

Da na koma gida na wanke ƙafata sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ina mita kowa na ji. Yaya yanzu karnukan kamfani yake horarwa. Matsoracin kuwa ya zama nawa, yana kwance nesa kaɗan da teburina, yana yi wa kaji haushi. Har gobe ina cewa najasa ne, amma murfin tukunya a hankali nake ajiye shi.