Tsohuwar Raga da Sabuwa

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a kulob, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da mudir ya ba Dogo kyautar raga.

A farkon shekarun dubu biyu ni ne mai kula da kaya a sashen ƙwallon kwando na wani kulob a nan Jidda. Ƙwallaye, riguna, bandeji, ƙanƙara, har ragar da ake ratayawa a bakin kwando, duk a wuyana suke. Sama da ni akwai koci, sama da koci akwai mudir, wato shugaban sashe. Namu Ustaz Fu'ad ne, dattijon kirki wanda ba ya son a ce baƙonsa ya nemi abu ya rasa.

A lokacin kulob kan ɗauko baƙon ɗan wasa, galibi daga Amurka, a yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, ta kakar wasa ɗaya. In ya yi abin kirki a sabunta, in jiki ya gaza a raka shi filin jirgi da murmushi. Wanda muka samu sunansa Wendel, amma Dogo nake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kayana. Bayan jami'a ya buga a Turkiyya da Filifin da Lebanon, kafin ya iso wurinmu da gwiwar dama a kumbure kamar kabewa.

Bayan kowane atisaye ni ke ɗaure masa ƙanƙara. A nan muke hira, shi da gurgun Larabcinsa, ni da Turancin da na tsinta a kasuwar Hindawiyya. Amm Sale yake kirana, wato Baffa Sale. Wata rana yana kallon kwando ya ce, "Amm Sale, a ƙasarmu in makaranta ta ci kofi, tsani ake kawowa. Kowane ɗan wasa ya hau ya yanki zare ɗaya daga ragar."

Na ce, "Ragar hukuma? Kuma ba a kama ku?"

Ya yi dariya, sannan ya gaya mini sauran. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a sun ci kofin yankinsu, amma shi ya karye a idon sawu ana jibi wasan ƙarshe. A gadon asibiti ya kalli abokansa a talabijin suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Na ce ba komai, zan ci wani. Na zaga duniya ban ci ba."

A shekarar da yake wurinmu muka kai wasan ƙarshe na wani kofi, kuma a zaurenmu za a buga, bayan la'asar. Likita ya riga ya gaya wa Dogo cewa gwiwar nan ba za ta ƙara wata kaka ba, jirginsa ma washegari ne. In bai hau tsani a ranar ba, shi ke nan har abada. Sai na je wurin mudir na ce, "Ya Ustaz, in Allah ya ba mu nasara, Dogo yana son raga."

Ya ce, "Raga kawai? Halas, bar mini wannan."

Allah ya ba mu nasara. 'Yan wasa suka yi sujada, aka ɗaga kofi, aka yi hotuna. Sai mudir ya kira Dogo gaban jama'a, ya miƙa masa raga sabuwa fil a cikin ledarta, har an ɗaura mata ƙyalle mai ƙyalli. Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya dafa ƙirji yadda ya koya a wurinmu, ya yi wa mai hoto murmushi. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar ragar, wadda ta yi baƙi da datti, ya juya yana ɗingishi zuwa ɗakin canja kaya. Tausayinsa ya kama ni.

Magariba ta gabato, mai gadi yana shirin kashe fitilu. Na tari mudir na ce, "Ya Ustaz, waccan tsohuwar yake so. Da hannunsa, da almakashi."

Ya ce, "Mai dattin nan? Ya Sale, aibu ne a ba baƙo abin da aka yi amfani da shi. Me mutane za su ce?"

Na ba shi labarin asibitin a gaggauce. Ya dubi kwando, ya ce, "Yalla, kawo tsani."

Na kawo tsani da almakashin yankan bandeji, aka kira Dogo. Ya sa ƙafa zai hau, gwiwa ta ƙi. Sai kyaftin ɗinmu Majid da sauran suka tallafe shi ta baya, mudir ya naɗe hannun farar rigarsa ya riƙe tsanin da kansa. Dogo ya kai, ya yanki zare ɗaya, ya daɗe a sama yana riƙe da shi. Ƙaton mutum yana kuka, ba wanda ya ce masa ya sauko.

Da ya sauko ya miƙa wa Majid almakashin ya ce, "Kowa." Haka muka hau, har mudir, har ni, ana kiran salla.

Washegari ni na kai shi filin jirgi. Ya ciro sabuwar ragar daga jakarsa ya ba ni ya ce, "Rataya wannan, Amm Sale. Kada kwando ya kwana tsirara."

Ku da kuka zo bayanmu, baƙin nan da kuke gani ba kwantiragi kaɗai ke kawo su ba. Kowannensu yana ɗauke da wani abu da bai ƙarasa ba a gida. In mutum ya nemi abu, ku tambaye shi dalili kafin ku ruga ku kawo masa mafi kyau. Ragar da ya bar mini ta daɗe da tsinkewa an yar. Zarena mai datti kuwa har yau yana ɗaure a makullaina.