Kunnen Miyara

Shekara talatin da ɗaya Miyara Tsuneo ya yi yana nutso a tekun tsibirin Kuroshima, da farko da mashin kifi, daga baya da baƙi masu son ganin murjanin ƙasan teku. Rannan dodon kunnensa na hagu ya fashe. Likita a Ishigaki ya ce da shi, ƙasan ruwa kuma sai dai labari.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya rushe katangar gida ya sake ginawa, alhali ba abin da ya same ta. Ya shiga kiwon shanun ƙanensa, kwana uku kacal shi da ƙanen suka ɓata.

"Baban Sanae," in ji matarsa Fujiko, "wai ƙaya ce a kujerar nan? Zauna ka ci abinci."

"Na ƙoshi."

"Da me? Da zirga-zirga?"

Ana haka wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya tsaya a bakin tsibirin. Mai shi wata dattijuwa ce daga Kobe, Teramoto Kazue, ita da mijinta, za su Taiwan. Suka nemi wanda ya san wurin nutso, aka nuna musu Miyara.

Ya ja su a kwale-kwale har inda kunkurun ruwa ke kiwo. Suka goya tukwanen iskar numfashi suka nutse, shi kuwa ya zauna a sama kamar an ɗaure shi, yana bin kumfar numfashinsu da ido. Can ya ga kumfar tana karkata kudu da sauri. Ruwa ya juya, yana jan su waje, su ba su sani ba. Ƙafarsa ɗaya har ta shiga ruwa, ya janye. Ya tuƙa iya ƙarfinsa, ya sha gabansu, ya tsoma ƙarfe biyu a ruwa yana bugawa don su ji su taso. Da suka ɓullo, igiyar da ya jefa musu suka fara gani.

Kazue ta tofar da ruwa. "Yaya aka yi ka san nan za mu fito?"

"Ruwa magana yake, Uwargida. Kunne ɗaya ya isa."

"To biyo mu Taiwan. Maigidana taswira kawai ya iya karantawa."

A gida ya yi ta kewaye-kewaye, ya kasa faɗa. Fujiko ta gaji.

"Mai jirgin ta riga ka zuwa, ta faɗa min. Tafi, don Allah, ko na huta."

Wata biyu ya yi. Ya dawo baƙi ƙirin, ya rame, bakinsa ba ya rufuwa don labari. Sati guda ya yi lafiya lau. Ran na takwas aka gan shi a tashar jiragen ruwa da hantsi, yana tambayar wasu mutanen Nagasaki ina suka nufa, kuma su nawa ne a cikin jirginsu.