Injiniyan da Ke Sussukar Kwamfuta

Bana shekara bakwai ke nan. Da kaka ne, shekarar da damina ta yi albarka har mutanen Karofi suka rasa inda za su zuba wake, duk wanda ka gani a Dutsin-Ma fuskarsa a sake. A cikin wannan yalwar Allah Ya karɓi abinSa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, muna ta cewa gobe zai miƙe, ashe tafiyar ce. Ina tuna ana shigo mini da damman gero daga gona, ina kallonsu kamar ba abinci ba.

Ɗana ne na fari, saboda haka masu karatu ku yi mini uzuri. Bakina bai kama sunansa yana raye ba, alƙalamina ma ba zai kama ba. Mutanen gari Injiniya suke ce masa, ni ma nan zan raɓa. Yana da ɗan shago kusa da tasha shi da abokinsa Sanusi, suna gyaran kwamfuta. Yawancin waɗanda ake kawo musu tsofaffi ne na hannu, na malaman makaranta da ɗalibai da masu buga takardu, kuma kukan kowa ɗaya ne: ta cika, ta yi nauyi, ba ta karɓar komai.

Wata rana ya dawo da aiki gida, ya zauna a gindin darbejiya, mu kuma muna sussuka. Na ga ya daɗe yana danne-danne, sai na ce, “Kai kuwa me kake ta cirewa a cikin abin mutane?”

Ya ce, “Inna, kowace kwamfuta tana da rumbunta. Akwai kuma uwar manhaja, ita ke tafiyar da komai, in babu ita wannan abin faranti ne kawai. To in aka zuba ta, dami-dami take zuwa, da kara da ƙaiƙayi. Ga harsunan ƙasashen da ba mu taɓa ji ba, ga wasanni, ga hotunan ado, ga tarkacen da take bari duk lokacin da ta sabunta kanta. Kafin mai abu ya ajiye takarda ɗaya, ta cinye rabin rumbun.”

Na ce, “Au, sussuka kake yi ke nan.”

“Har da shiƙa,” in ji shi. “Abin da ya rage kuma in matse shi kamar ana danna buhu.”

Na ce, “Ashe aikin mata na tura ka makaranta ka koyo. Da ka faɗa, ai da na ba ka taɓarya tun kana ƙarami.” Matan da ke taya ni suka yi ta dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tun ranar, in ya fita da safe sai su ce, “Injiniya, a sussuka lafiya.”

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba. Farkon fara aikinsa hannunsa na da zafi. Wani malamin Islamiyya daga wajen Barkiya ya kawo masa tasa, shi kuma ya share harsunan waje kaf, yana jin daɗin ya samar wa malam fili. Ashe Larabci ya bi ayari. Malam ya koma gida zai buga wa yara jarrabawa, ya buɗe takardunsa ya tarar kowane harafi ya zama ɗan akwati. Ya hawo babur ya dawo cikin rana, har ƙofar gidanmu, yana cewa, “Injiniya, na ce ka rage mata kaya, ban ce ka fitar da ita daga Musulunci ba!” Garin gyaran gira an taɓa ido. Ya ba malam haƙuri, ya maido masa da Larabcinsa, na kuma dama wa malam fura ya sha ya huce.

Daga wannan ranar ya canza hanya. Ba ya taɓa kwamfutar kowa sai ya zaunar da mai ita a benci ya tambaye shi, “Me kake yi da ita? Me kuma? Sai me?” Wasu har su ƙosa. Sai ya ce matambayi ba ya ɓata, kuma ƙaiƙayin wani tsabar wani ne.

Lokacin nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da girmana, ina haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Sai ya samo wata ƙaramar kwamfuta da kowa ya fid da rai da ita, don rumbunta bai taka kara ya karya ba. Ni ma ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyinsa. Ya yi ta sussukarta har ta samu fili, ya ƙara girman haruffa saboda idona, ya bar mini abu uku kacal a fuskarta: karatun Alƙur'ani, hotunan jikoki, da darussan da ya ɗauka da muryarsa. A cikin darussan sai ya karanta layi, ya yi shiru, ya ce, “To Inna, saura ke.” Da wannan shirun na koyi rubutun da kuke karantawa yanzu.

Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce da wannan zamani? Wayar da ke hannun yara yau an ce ta fi kwamfutata rumbu nesa ba kusa ba, amma kullum kukansu ta cika. Bidiyo ɗaya ya shigo musu ta wuri biyar, duk su ajiye. In abu ya yi nauyi ba mai tambayar me ke ciki, sai a ce a sayi babba. Ina jin da zai girgiza kai ya ce ba rumbu ne ya yi kaɗan ba, masu shiƙa ne suka yi ƙaranci. Ko kuwa da shi ma ya bi zamani, Allah masani. Uwa takan tsayar da ɗanta a inda ta rabu da shi.

To bana Nana, 'yarsa da ya bari a hannuna tana firamare, ta samu shiga babbar makaranta nan Dutsin-Ma, kuma karatun ba ya yiwuwa sai da kwamfuta. Halin sabuwa babu. Ba ta roƙe ni tawa ba, sai dai na lura tana bin ƙawaye aro, wani lokaci ta dawo aikin bai samu ba. Ni kuwa tawa tana cikin adaka a naɗe da zane, ban taɓa bari wani ya danna ta ba. Yadda ya jera abubuwan nan uku, haka suke.

Na sa ta kira mini Sanusi, wanda yanzu ya koma Kurfi da shagonsa. Bayan mun gaisa ya ce, “Inna, gaskiya uwar manhajar da ke ciki ta tsufa, ba za ta ɗauki aikin Nana ba. Sai an share an zuba sabuwa, ita kuma sabuwar ta fi ta ci. Zan iya matse ta ta shiga, irin yadda marigayi yake yi. Muryarsa da hotuna zan kwashe miki a ɗan katin memori, ki riƙa saurara a rediyonki. Amma jerin da ya yi miki da hannunsa, wannan kam zai tafi.”

Na ce zan yi shawara. Nana ta ce, “Tsohuwa, bar abinki. In kika ba ni kika zo kina mini kuka, wa zai lallashe ki? Ni ba ni da alewa.” Na ce, “Ja'ira, wa ya ce miki ina da haƙoran alewa?” Muka yi dariya, amma na ga ta juya fuska.

Da la'asar na shiga ɗakin ajiya neman wani abu, na ci karo da ƙullin irin gero da na ɓoye tun shekarar rasuwarsa. Na kwance, na murza a tafin hannu, sai gari. Ƙwari sun gama da shi tuntuni. Na tsaya riƙe da tsumman. Da na ba wani ya shuka, da yanzu jikokin irin nan sun cika rumbuna.

Sai na zaunar da kaina a benci, na yi wa kaina tambayarsa. Me kike yi da ita? Ina jin muryarsa. Me kuma? Ina kallon jikoki. Sai me? Na nema na rasa. Karatun da ya gina ta dominsa na riga na iya, yana cikin kaina da yatsuna, ba mai share shi. Abin da ya bar mini na gaske ba jerin abu uku ba ne a fuskar gilashi. Haƙurin tambaya ne kafin a taɓa kayan mutum, da sanin cewa ƙaramin wuri yana isa in an san tsaba. Ga kuma yarinya mai irin goshinsa tana yawon aro. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yi ta samar wa mutane fili.

Washegari da safe, ranar kasuwar Kurfi, na buɗe adaka na kunna ta, na saurari darasi ɗaya. Da ya ce, “To Inna, saura ke,” na maimaita layin har ƙarshe, na rufe. Na naɗe ta a zanenta, na yafa mayafi, na ce wa Nana ta sako takalmi mu kama motar farko. A hanya na ce mata in mun isa ita za ta zauna a bencin Sanusi, kuma duk abin da ya tambaye ta, ta yi tunani kafin ta amsa.